Tukunyar Irin Goggo

Shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori ina koyarwa a wata sakandare a Talata Mafara, riƙe da digirin noma sabo fil wanda ban san abin da zan yi da shi ba, in ban da koya wa yara sunayen taki. Gari ya cika maƙil da baƙi. Manyan motoci suna kai da komo, kowa ka tambaya sai ya ce aikin dam ya zo nema. Ni kam aikin bai taɓa shiga raina ba. Ruwan nan ya haɗiye gonar mahaifina ta wajen Maradun, sannan ya daina zuwa fadamar goggona da ke ƙasan Bakura. Ɗaya ruwa ya yi masa yawa, ɗaya ta rasa ko na jiƙa ƙasa, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Goggon nan ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta kuma taɓa haihuwa ba, saboda haka ni ne ɗan, ni ne abokin faɗa. Gajeriyar mace ce mai kaifin harshe. Tun ina ƙarami take cewa tambayata ta fi ta mai neman ɓataccen jaki, kuma ban taɓa musa mata ba.

Wata safiya shugaban makarantarmu ya dawo daga Sakkwato da jarida, ya jefa mini ita a kan tebur, ya ce ga aikin masu surutu irina ya fito. Talla ce ta wata jami'a, ta cinye shafi guda. Suna neman manyan malamai, suna neman ƙanana, suna neman masu kula da ɗakunan gwaji, kowane gurbi da sharuɗɗansa da suka fi ƙarfina. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sai ga abin da ya tsayar da ni: guraben tallafin bincike ga masu digirin farko. Za a ba mutum albashi da ɗaki da fili a gonar jami'a, ya yi digiri na biyu, in ya yi abin kirki a riƙe shi malami. Sharaɗin shi ne ya zo da abin da yake son bincikawa. Wato ka zo da tambayarka, a biya ka ka nemi amsarta. Na karanta, na sake karantawa, na ce ikon Allah, ashe akwai inda ake cin abinci da abin da aka yi ta ƙwala mini ludayi a ka saboda shi.

Ɗakin malamai ya ɗauka. Malamin Larabci ya ce ya san tambaya rabin ilimi ce, amma bai taɓa jin an mayar da ita sana'a ba. Wani ya ce irin waɗannan guraben an riga an raba su tun kafin a buga, kada in wahalar da kaina. Wani kuma so yake ya ji ko in an ƙare binciken ba a sami komai ba sai mutum ya amayar da albashin. Ni ma ban sani ba, kuma rashin sanin ya ƙara mini kwaɗayin wurin. Ina son in ga mutanen da suka zauna suka yanke shawarar biyan mai tambaya, in ga ko da hankalinsu.

Tambayata kuwa ta daɗe a cikina. Kafin dam, jar shinkafa ake shukawa a fadamar su Goggo. Da ruwan farko ake watsa ta a ƙasa. In damina ta yi nisa gulbi ya cika ya tumbatsa, ya malale fadamar har ya shanye mutum, amma shinkafar nan ba ta nutsewa. Ruwa ya hau, ta hau. Ya ƙara, ta ƙara. Kullum kanta na sama yana kaɗawa. In ruwa ya janye sai ka ga kara ya fi tsayin namiji, kwance a taɓo, zangarniya a ɗage. Ina yaro na sha ɗaura wa kara zare da yamma in dawo da safe in duba, in tarar zaren ya nutse, ganye kuwa na waje. Wa ke gaya mata ruwa ya ƙaru? Da me take aunawa? Me ya sa shinkafar da aka kawo wa manoman rani ba ta iya haka? Goggo ta ce Allah ne. Na ce na yarda, amma ina son in san ta yadda Ya yi.

Da aka tare gulbi, ambaliya ta daina zuwa. Damina ta bi damina fadama na bushe, masu ita suka koma dawa da gero a inda ba wurinsu ba. Goggo ta zuba ragowar irinta a wata tukunya, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado, ta ce sai ruwa ya dawo. An yi wata shekara mai wuya da na zo hutu na tarar da ita tana kwana da kwaɗon tafasa. Na ce ta fasa tukunyar nan mana ta ci. Kallon da ta yi mini sai da na ji kunya. Ta ce ba a cin iri, ko jikan wa ya gaya mini ana ci? A wurinsu iri ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi. Wanda duk ya zo nema, in dai yana da inda zai shuka, za a ba shi hannu da hannu, shi kuma in ya girbe ya maido da abin da ya fi wanda ya karɓa.

Kafin in aika da takardun neman gurbin, na hau babur na bi ƙauyukan bakin gulbi ina tambayar wa ke da sauran jar shinkafa. Ko'ina amsa ɗaya: an cinye, ko ƙwari sun gama da ita, ko an gwada a tudu ta ƙone. Na dawo na gaya wa Goggo cewa da alama tata ce ta ƙarshe. Ta yi tsaki. Ta ce iri ba ya ƙarewa a gari, ni dai ban iya tambaya ba duk da yawan tambayata, ko kuma sun ga wandon boko sun ɓoye. Na roƙe ta ko tafin hannu ɗaya in tafi da shi. Ta ce ina gonata, ko a baƙin allo zan shuka? In da gaske ne akwai masu fili da ruwa, mai filin ya zo ta gan shi.

Aka kira ni ganawa. Ban taɓa ganin jami'ar ba sai ranar. Mun cika baranda, kowa da jakar takardu, wasu da kwat har da abin wuya a wannan zafi. Gurbi ɗaya ne tal a sashen amfanin gona. Na tambayi na kusa da ni abin da ya kawo, ya jero mini wani dogon Turanci a kan taki. Da na shiga, na tarar da mutane a jere bayan dogon tebur. Na tsaya gaisuwa irin tamu, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, ina shirin shiga tambayar ruwan bana wani ya nuna mini kujera da biro. Na faɗi abin da ke tafe da ni. Yawancinsu ba su ko ɗaga kai ba. Amma shugaban sashen, wani farfesa siriri mai furfura, mutumin gabas da ke Hausa irin ta Kano, ya cire tabarau ya tsare ni da tambayoyi: zurfin ruwan, launin ƙwayar, lokacin girbi. Ya ce ya karanta labarin irin wannan shinkafa, ya kuma sha jin an ce akwai, amma duk inda ya je sai a ce ai bara ta ƙare.

Ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana. In akwai iri mai rai, akwai aiki, kuma gurbin nawa ne. In babu, ba abin da zan bincika, sai a ba mai taki. Ya ce yana da tafiya zuwa duba gonakin rani na wajenmu, zai ratse ya gani da idonsa.

Na dawo Mafara ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ranar kasuwa na sami wani mai sayar da albasa ɗan ƙauyen su Goggo, na ba shi saƙo. Na ce ya gaya mata ranar kaza zan zo da babban baƙo, shi ne mai filin, kuma shi ne wanda zai ce a ɗauke ni ko kada a ɗauke ni. Na ƙara da cewa kada ta wahalar da kanta. Wanda ya san Goggo ya san wannan maganar ta ƙarshe iska ce ta kwashe ta.

Mun isa da hantsi a motar jami'a, ni da farfesa da direba. An share ƙofar gida tas, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, wadda na tabbata aro ce. Goggo ta fito da mayafinta na Salla ta tsuguna daga bakin ƙofa. Suka shiga gaisuwa, ita da farfesa, yana ce mata Inna tana ce masa Malam, ba wanda ya yarda ya riga wani gajiya. Da na ga abin zai kai azahar na sa baki na ce Malam ya zo ganin tukunyar nan ne. Ta ce in bari baƙo ya sha ruwa tukuna, ko a jami'ar haka aka koya mini?

Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Can sai ga ta da akushi a rufe da faifai, da kwanon miya, zakara guda kwance a ciki. Farfesa ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ɗaga faifan. Tuwo ne ja, mulmulalle, man shanu na narkewa a kansa. Ƙamshin ya daki hancina, ƙamshin da rabona da shi tun kafin a tare gulbi. Nan take na tuna tukunyar irin nan.

Farfesa kuwa murna ta kama shi. Ya gutsura ya duba a haske, ya shinshina, ya kai baki, ya lumshe ido. Ya juyo ya ce mini ashe abin da yawa haka, har ana tuƙawa, ni kuma na je ina ce musu saura kaɗan. Na yi yaƙe. Na ce a raina wataƙila ta raba biyu, ai Goggo ba yarinya ba ce. Shi da direba suka yi ta hannu baka hannu ƙwarya, ni kuwa ina ta juya lomar farko a hannu. Sai da suka sauke akushin nan kaf, farfesa ya yi hamdala, ya sa albarka, sannan ya ce to Inna, a nuna mana irin.

Goggo ta gyara mayafi ta ce, “Ai shi kunka ci, Malam.”

Farfesa ya dubi akushi, ya dubi hannunsa. Na tambaye ta, da wata murya da ban san ina da ita ba, ko ta rage wani abu. Ta ce da ta fasa tukunyar ta tarar ya ragu fiye da yadda take zato, ƙwari sun yi nasu rabo, in ta rage tuwon ba zai rufe gindin akushi ba.

“Mutum ya taso tun daga uwa duniya, shi zai ɗauki ɗana aiki, in aje mai tuwon tsaki? A garin ga? Iri kuwa sai a nema gidan wasu, ba ya ƙarewa.”

Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da ita ba. Na zagaye ƙauyuka, na gaya mata da bakina babu, ta ƙi ji. Ta kwana da yunwa a kan tukunyar nan, ta hana ni ko tafin hannu, sannan ta tashi ta tuƙe mini gurbin karatu da albashi da ɗaki, ta zuba musu man shanu. Da baƙo ba ya wurin ban san abin da zai fito daga bakina ba. Na sunkuyar da kai ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Farfesa ya juya wajen Goggo. Ya tambaye ta ko ta turara shinkafar kafin ta surfa. Ta dube shi da mamaki ta ce wa ke turara shinkafar tuwo? Ya ce a ina ta surfa, a ina ta sheƙe? Ta ce ga turmi can tsakar gida, ƙaiƙayin ta zubar bayan rumbu. Bai ko tsaya neman takalmi ba, ya ce Inna a yi mana izini mu shigo.

Muka tarar kaji sun riga mu. Sun baje ƙaiƙayin suna ta tsattsaga hankali kwance. Ni ban san lokacin da na yi kansu da ihu ba. Farfesa ya naɗe babbar riga a kafaɗa yana kora da hula, direba ya tare ta wajen ƙofa, wata kaza mai taurin kai ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta koma kan tsibin. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna kallon manyan ma'aikata na faɗa da kaji a kan shara. Da muka ci nasara muka durƙusa, muna tona ƙaiƙayi da yatsa, muna hurawa, muna tsintar ƙwayar da taɓarya ta tsallake, wadda ɓawonta bai fashe ba. Muka bi gindin turmi, muka bi tsagar faifai, har cikin fasasshiyar tukunyar muka kakkaɓe tokar. Goggo na tsaye riƙe da ƙugu tana kallonmu. Daga baya ta shiga ɗaki ta fito da rariya ta miƙo mana.

Abin da muka tara bai rufe tafin hannu ba. Farfesa ya ƙulle shi a hankici ya sa a aljihun ƙirji. Ya ce ba zai yi mini alkawarin da ba shi da iko a kai ba: irin ya tsufa, ya kuma sha taɓarya. Zai jiƙa shi ya gani. In ya tsira, maganarmu na nan. In bai tsira ba, sai haƙuri. Sannan ya koma ya tsuguna gaban Goggo ya yi mata godiya mai tsawo, ya ce tun da yake bai taɓa cin tuwo irin wannan ba. Ta ce ba komai, baƙonka annabinka. Ni sallamar da na yi mata gajeriya ce.

Na koma aji ina koyar da sunayen taki, hankalina na can cikin hankicin wani. Malamin Larabci ya ce in daina ramewa, abin da ke rabon mutum ko a bakin kaza yake sai ya faɗo. Kullum in na ji ƙarar mota a ƙofar makaranta sai na leƙa. Ran nan ina tsakiyar darasi sai ga direban nan a bakin taga, ya biyo da wani aiki na gonakin rani, yana washe baki. Ya ce Malam ya ce a gaya mini wasu ƙwayoyin sun mutu, amma wasu sun tsira, in haɗa kayana. Na ajiye alli na fita bayan aji, na yi kuka kamar yaro.

A jami'a suka gina mana wani ɗan tafki na siminti, muna ƙara masa ruwa kaɗan-kaɗan kamar yadda gulbi ke yi. Na ɗaura wa kara zare irin na yarinta, sai dai yanzu da ma'auni a hannuna kuma ana biyana. Ruwa ya hau, ta hau. Na gano wasu abubuwa, wasu kuma har na yi furfura ban gano ba. Girbin farko duk muka mayar iri. A na biyu ne farfesa da kansa ya auna mini rabon Goggo, ya ce a kai wa Inna, al'ada ce, kuma ya fi abin da tukunyarta ta taɓa ɗauka.

Na same ta ta ƙara tsufa, fadama kuwa na nan a bushe. Na sauke buhun a gabanta na kwance. Ta zura hannu ta ɗebo, ta murza, ta kai hanci. Sannan ta ce ita ba ta ba mu iri ba balle mu maido, kajinta muka yi wa ƙwace. Muka yi dariya. Cikin hira nake tsokanarta, na ce ranar nan dai ta ci daɗi, ta sha tuwon jar shinkafa bayan shekaru. Maƙwabciyarta da ke zaune ta ce wane ci? Ai ko ƙanzo ba ta taɓa ba, duk ta juye wa baƙi, ita da ragowar kwaɗo ta kwana.

Na ce to yau sai ta ci. Na ce ga shi da yawa, jami'a na da nata, ni zan surfa da hannuna in ta gaji. Ta tashi ta jawo sabuwar tukunya daga ƙarƙashin gado, wadda ashe ta daɗe da saya ta ajiye, ta fara juye shinkafar a ciki.

“Wanga iri ne, ɗan ga. Ba a cin iri.”

Na ce, “Goggo, ai kin taɓa tuƙawa.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ranar nan ba don cikina nib buɗe ta ba.”

Duk tsawon lokacin nan ina ɗaukar abin da ta yi a matsayin wautar tsufa, ina ba abokai labari muna dariya. Ashe ta fi ni sanin abin da ta fasa, ta kuma fasa shi ne don kada a ƙi ɗanta.

Ta ce in daina tsayuwa a kanta kamar mai bin bashi, in je bakin gulbi in samo mata laka mai kyau, ko da yake yanzu sai na yi tafiya kafin in sami mai danshi. Na ɗauki ƙwarya na tafi. Da na dawo ta riga ta barbaɗa toka. Na riƙe mata tukunyar, ta liƙe bakin da hannunta, muka tura ta ƙarƙashin gado.